Kakar da Aka Yi Ciniki a Lord's

Gasar kurket ta gundumomin Ingila ta shiga kakar 2016 da sabuwar doka, wadda ta tayar da ƙura tun kafin a yi jifar farko. A da, kyaftin biyu kan fito tsakar fili da safe a jefa kwabo, wanda ya ci shi ke zaɓar ko yaransa su fara bugu ko su fara jifa. A wannan shekarar hukumar kurket ta ƙasar ta ce baƙo ke da zaɓin farko. In ya dubi fagen ya ga ya fi son fara jifa, shi ke nan, kwabo ya yi zamansa a aljihu, sai in ya ƙi ne za a jefa. Dalili kuwa, masu masauki sun saba barin ciyawa a kan fage, ƙwallo ta riƙa zamewa hagu da dama, kowane mai jifa mai matsakaicin ƙarfi ya zama dodo, wasan kwana huɗu ya ƙare tun a na uku. Ana so a tilasta musu gyara fage, masu bugu su daɗe a tsaye, masu murɗa ƙwallo da yatsu su ma su sami abin yi.

A lokacin ina Landan ina karatun digiri na biyu, ina haya a ɗaki ɗaya a gidan wani dattijo ɗan asalin Pakistan a arewa maso yammacin birnin. Tsohon direban bas ne, ya yi ritaya, 'ya'ya duk sun yi aure sun watse. Alhaji nake ce masa, shi kuma ɗana. Yana da katin zama ɗan ƙungiyar Middlesex, yana ajiye shi a aljihu ɗaya da tasbaharsa. Ni kuwa ɗan ƙwallon ƙafa ne kamar kowa a unguwarmu, kuma a bazarar nan Leicester City ta cinye Firimiya ta bar duniya da buɗaɗɗen baki, to wa ke ta wani kurket? Aljihu ne ya kai ni. A watan Yuni darajar naira ta rikito, kuɗin da ake aiko mini daga gida ya ƙanƙance, fita yawon buɗe ido ta gagara. Abin da ya rage na kyauta shi ne rediyon Alhaji a kicin, inda BBC ke kawo sharhin kowane wasa na gasar ta intanet, daga ƙarfe 11 na safe har yamma. Ina rubutun kundin bincikena a teburin cin abinci, muryoyin masu sharhi na shiga kunnena ko ina so ko ba na so.

Da gishiri da kwalbar barkono da cokula ya koya mini wasan. Ƙungiyoyi 18 ne, rukuni biyu, tara-tara a wancan lokacin, kowace tana wasa 16 daga Afrilu zuwa Satumba. Gasar ta samu tsari a hukumance tun 1890. Kowane wasa kwana huɗu ne, kowane ɓangare na da zubi biyu na bugu. Zubi na ƙarewa in an kayar da mutum 10 daga cikin 11, ko kuma in kyaftin ya ce ya isa haka, ya sallama, ya ba abokan hamayya sanda. Jifa shida ake kira oba ɗaya. Wanda duk bai bi wasan ba, abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne wannan: tara gudu da yawa ba ya ba ka nasara. Sai ka kayar da mutanen can kafin lokaci ya ƙare, in ba haka ba canjaras ne, ko da ka fi su gudu 300. A kakar 2016 nasara maki 16 ce, canjaras maki 5. Sannan a lokacin akwai makin ihsani a zubin farko, cikin oba 110 na farko: har 5 ga masu bugu, ɗaya a gudu 200 da ƙari ɗaya a kowane 50 har zuwa 400, da kuma har 3 ga masu jifa. Alhaji ya ce in riƙe wannan lissafin da kyau, don a watan Satumba maki ɗaya kan hana dattawa barci.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara, ranar ta yi tsawon da sai ka ga kamar ba za ta faɗi ba. A ƙarshen Yuni, 'yan kwanaki bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ya ce in rufe kwamfuta in raka shi Lord's, babu abin da ke cinye yinin mai azumi kamar kurket. Middlesex na karawa da Lancashire. Filin na ƙungiyar MCC ne, Middlesex 'yar haya ce a ciki kamar yadda nake a gidan Alhaji, kuma ita kanta gundumar Middlesex an shafe ta daga taswirar mulki tun 1965, sunan ne ya rage a rigar 'yan wasa da adireshin tsofaffin wasiƙu. Filin a karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu da kusan mita biyu da rabi, sai ka zauna ƙasa-ƙasa za ka ga gangaren da idonka.

Kujeru dubbai babu kowa. Waɗanda suka zo yawanci masu furfura ne, kowa da jakarsa da fulas ɗin shayi da jarida a naɗe. Wata tsohuwa a gabanmu ta buɗe wani dogon littafi a cinya, fensir biyu a soke a gashinta, kowace jifa sai ta ɗiga ɗigo a ɗan akwati. In an yi oba guda ba a sami gudu ko ɗaya ba, sai ta haɗe ɗigo shidan da layi, ta ajiye fensir ta tafa sau uku, ta koma. Waje kuwa ƙasar na ta hayaniya, firaminista ya ce zai sauka, fam ya faɗi, amma a nan ban ji wanda ya ɗaga maganar ba. Da aka tashi cin abincin rana, ko'ina sai ƙarar buɗe leda da ƙamshin burodi da cuku, ni da Alhaji muka miƙe ƙafa muna kallon masu share fage. A wasan nan wani yaro mai bugu da hagu, Nick Gubbins, ya haura gudu 200. Aka tashi canjaras.

Canjaras ɗin nan shi ne ciwon kan Middlesex a farkon kakar. Sabuwar dokar ta yi aiki har ta wuce gona da iri a Lord's, fage ya kwanta lumui, a yi ta bugu kwana huɗu ba a ga ƙarshe ba. Rabon ƙungiyar da kofin tun 1993. Kowa ya sa ido ne a kan Yorkshire, wadda ta ɗauka a 2014 da 2015 a ƙarƙashin koci Jason Gillespie ɗan Ostareliya da kyaftin Andrew Gale, tana neman na uku a jere, abin da rabon da a gani tun ita kanta Yorkshire ɗin ta yi shi daga 1966 zuwa 1968.

Wasa biyu a watan Yuli suka sauya lissafi. A makon ƙaramar Sallah Middlesex ta je Scarborough, bakin teku, ta doke Yorkshire da zubi guda da gudu 4, wato ba ta ma bukaci yin bugu na biyu ba. Mako na gaba ta sauka Taunton, gidan Somerset. A rana ta ƙarshe kyaftin ɗin Somerset, Chris Rogers, wanda tsohon kyaftin ɗin Middlesex ne, ya sallama zubinsa ya ajiye musu gudu 302 cikin oba 46. Caca ce ya yi da ido buɗe: ya ba su abin da za su yi kwaɗayin bi, ko sa yi ta faɗuwa garin gaggawa. Sun kuwa faɗi, har mutum takwas. Amma John Simpson, mai tsaron bayan turaku, ya tsaya, a oba ta ƙarshe ya ɗaga ƙwallo ta tsallake iyaka, gudu shida, jifa biyu kacal suka rage. Alhaji ya buga tebur har shayina ya zube a kan takardu. A ranar babu wanda ya san cewa wannan ne kaɗai wasan da Somerset za ta sha kashi a duk kakar.

A ɗakin karatun jami'armu akwai wani Bature ma'aikaci, ya haura shekara 60, haifaffen Somerset. Ya taɓa leƙo kwamfutata ya ga allon sakamakon wasa a gefen rubutuna, daga ranar muka zama abokan hira a ƙasa-ƙasa, tsakanin kantocin littattafai. A wurinsa na fahimci irin ƙishin da ke gundumar nan. Somerset ta shiga gasar tun 1891, ba ta taɓa ɗauka ba, ita da Gloucestershire da Northamptonshire. Ta yi zamani da Viv Richards da Ian Botham da Joel Garner a ƙungiya ɗaya, ta ci ƙananan kofuna, babban ya ƙi. A 2010 ta gama da maki daidai da Nottinghamshire, aka ba Nottinghamshire don ta fi yawan nasara. Ya ce kakansa ya jira, mahaifinsa ya jira, shi ma ga shi, yana faɗa yana jera littattafai a kan keken turawa.

Somerset ce ta fara gano ƙofar da sabuwar doka ta bari a buɗe. Tunda baƙo na iya ƙwace damar fara jifa in ya ga ciyawa, to a ba shi busasshen fage mai ƙura, wanda ƙwallo za ta riƙa juyawa a kai tun ranar farko. Suna da Jack Leach, siriri mai tabarau, mai murɗa ƙwallo da hagu, wanda ya kayar da mutum 65 a kakar. A watan Satumba suka jefa wani ɗan shekara 19, Dom Bess, a wasansa na farko a gasar, ya kayar da 'yan Warwickshire shida a kan gudu 28. Har ana tsokanarsu cewa an ɗauko Taunton an kai ta Indiya. Masu ƙorafi suka ce wannan ma ai maguɗin fage ne da wata riga. Ni ban ga haka ba, abin da hukuma ta ce tana so ke nan, ga shi an ba ta. A wasan kusa da na ƙarshe suka je har Headingley suka lallasa Yorkshire ba tare da an kayar musu da ko mutum ɗaya a zubi na biyu ba.

Alhaji dai a watannin nan zuciyarsa ta rabu biyu, saboda Haseeb Hameed na Lancashire, ɗan shekara 19 daga Bolton, wanda iyayensa 'yan asalin Gujarat ne. Yaron kan tsaya yini guda yana tare ƙwallo ba gajiya, a watan Agusta ya yi ɗari biyu daban-daban a wasa ɗaya da Yorkshire, kafin shekara ta ƙare ya buga wa Ingila a Rajkot. Duk ranar da Lancashire ke bugu, ba a taɓa rediyon kicin.

Aka shiga zagayen ƙarshe ranar Talata 20 ga Satumba, mako guda bayan babbar Sallah. Middlesex na sama, ta ba Yorkshire tazarar maki 9, Somerset 10. Jadawali kuma ya haɗa na ɗaya da na biyu a Lord's, Somerset na karɓar Nottinghamshire wadda ta riga ta faɗa rukuni na biyu. A Taunton ba a ɓata lokaci ba. Rogers, a wasansa na ƙarshe kafin ritaya, ya yi ɗari a kowane zubi. James Hildreth ƙwallo ta karya masa idon sawu tun da wuri, ya ci gaba da bugu a kan ƙafa ɗaya, wani na yi masa gudu, har ya kai 135. Ranar Alhamis suka gama da baƙinsu da tazarar gudu 325, suka hau saman tebur da maki 226. In aka tashi canjaras a Lord's, kofi nasu ne.

A Lord's kuwa Middlesex ta fara da 270, Gubbins ya ba da 125 a ciki. Nan lissafin da Alhaji ya ce in riƙe ya yi rana. Yorkshire na bukatar kai wa 350 don samun makin ihsani na huɗu, in ba haka ba ko ta ci wasan sai dai ta yi daidai da Somerset a maki, kuma Somerset za a ba don ta fi ƙarancin shan kashi. Mutum tara suka faɗi ba a kai ba. Saura Tim Bresnan da Ryan Sidebottom, mai dogon gashi, ɗan shekara 38, wanda jifa ce sana'arsa ba bugu ba. Suna dab da kaiwa sai gari ya rufe, alƙalai suka kwashe 'yan wasa daga fili, kowa ya zauna yana cizon yatsa. Da aka dawo suka tsallake, har suka kai 390, Bresnan na da 142 ba a kayar da shi ba. Abin dariyar shi ne, wannan makin ya yi wa Middlesex daɗi kamar yadda ya yi wa Yorkshire, domin da Yorkshire ta fita daga takara, ba ta da dalilin shiga wata yarjejeniya washegari.

Washegarin Juma'a ce. Babban masallacin Landan na Regent's Park tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga Lord's, muka saurari wasan safe a waya a kan hanya, Gubbins da Dawid Malan sun kafe sun ƙi faɗuwa, Malan na hanyar kai wa 116, Gubbins 93. Canjaras ake nufa kai tsaye. Muka idar da salla muka tsallaka, muka tarar da layi a ƙofa, abin da ban gani ba duk bazara: masu kwat da jakar ofis da suka sulale daga aiki, ɗalibai, iyaye da yara.

Ba mu daɗe da zama ba sai na ga Gale ya miƙa ƙwallo ga Adam Lyth da Alex Lees, masu buɗe wa Yorkshire bugu, waɗanda jifa ba aikinsu ba ce. Lees ya tako taku uku ya lulo ƙwallo sama a hankali, kamar mai jefa wa yaro lemo. Aka maka ta waje. Ya sake, aka sake. Masu tsaron fili na bin ƙwallo da ido, wani ma hannunsa a ƙugu. Allo sai juyawa yake yi.

"Alhaji, me ke faruwa? Sun sayar da wasan ne?"

"Sun sayar, sun kuma saya," in ji shi, bai ko dube ni ba. "Zauna, ɗana. An riga an yi ciniki, yanzu awo ake yi."

Cinikin kuwa irin na kara ne, inda mai saniya da mai saye kowa ya san abin da ke aljihun ɗan'uwansa, a yi ta albarka har a tsaya a inda kowa ke ganin shi ya ci riba. Middlesex na bukatar lokacin da zai ishe ta kayar da mutum 10. Yorkshire na bukatar adadin da za ta iya cimma. Gale da James Franklin, kyaftin ɗin Middlesex ɗan New Zealand, suka tsaya a kan gudu 240 cikin oba 40, wato shida a kowace oba. Don a kai wurin da sauri aka ba Middlesex gudu 120 a ƙasa da oba tara, Franklin ya sallama a 359. A Taunton 'yan wasan Somerset da magoya bayansu na zaune a filinsu suna kallon wannan a talabijin.

Abin da ya biyo baya babu wasa a ciki. Steven Finn da Tim Murtagh da Toby Roland-Jones suka dawo da jifa ta gaske, Ollie Rayner na murɗawa daga ɗaya gefen. Yorkshire ta bi, tana asarar mutane tana bi. Muddin Bresnan na tsaye, 'yan Yorkshire da ke bayanmu ba su daina ihu ba, ya kai 55 kafin Roland-Jones ya same shi a ƙafa a gaban turaku. Daga nan gudun da ake bukata a kowace oba ya yi ta hawa. A wani wasan, nan ne kyaftin zai aika a ce a rufe ƙofa, a tare ƙwallo har lokaci ya cika. Ba su rufe ba. Azeem Rafiq ya kai wa jifar ƙarshe ta wata obar Roland-Jones duka, ƙwallo ta tashi sama, Simpson ya cafe. Finn ya tumɓuke turakun Steve Patterson a oba ta gaba. Roland-Jones ya dawo, jifar farko ya watsa turakun Andrew Hodd. Sidebottom ya fito a hankali, mutumin da jiya ya ceci Yorkshire, ya gyara tsayuwa, ya ɗan matsa gefe, ƙwallo ta bi ta bayan ƙafarsa ta daki turke. Uku rigis, da jifa uku a jere. Yorkshire ta ƙare a 178, Middlesex ta ci da gudu 61, saura jifa 28 a tashi. Roland-Jones ya kayar da shida a kan gudu 54. Alhaji, mai ciwon gwiwa, wanda sai na riƙe masa hannu a matakalar jirgin ƙasa, na gan shi tsaye a kan kujera hularsa a hannu.

Teburin ƙarshe: Middlesex 230, Somerset 226, Yorkshire 211. Middlesex ta ci shida, ta yi canjaras 10, ba a doke ta ko sau ɗaya ba.

Ranar Litinin na je ɗakin karatu ina ɗari-ɗari. Mutumina ya ce ba ya jayayya da ƙa'ida, ya san an saba yin haka tun kafin a haife shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutum biyu sun zauna sun raba abin da na uku ke da haƙƙi a ciki, ba a tambaye shi ba. Kuma me ya sa mutanen ƙarshe na Yorkshire suka ci gaba da kai duka bayan kowa ya ga 240 ta fi ƙarfinsu? Na ce masa canjaras ba ta da amfani a wurinsu, matsayi na uku ne ko sun tare ko sun faɗi. Ya ce yana da amfani a wurin wasan.

Na daɗe ina juya wannan amsar, kuma har yau ban bi shi ba, duk da ina jin zafinsa. An yi cinikin nan a gaban alƙalai da kyamarori da dubban mutane, kowa na ganin farashi. Kowane ɓangare ya sa wuyansa, Middlesex na iya rasa kofin da ta jagoranta tun tsakiyar bazara a cikin sa'o'i biyu da rabi. Da Yorkshire ta bi rabin hanya sannan ta rufe ƙofa, da ta ci amanar yarjejeniyar da ta sa aka ba ta dama tun farko, kuma da babu kyaftin da zai sake yarda da ita. Rogers kansa irin wannan cacar ya yi a watan Yuli, a kan waɗannan mutanen, ta tashi da shi. Da ya riƙe zubinsa aka yi canjaras a ranar, Middlesex ta rasa maki 11, Somerset ta ƙaru da 5. A can kofin ya kuɓuce, ba a Lord's ba, kuma ban ga laifinsa ba, don da irin wannan ƙarfin halin ya kawo su inda suka kai.

Hayaniyar cinikin Lord's ba ta lafa ba sai ga wani hukunci daga ofis, wanda a ganina shi ya cancanci hayaniyar. Durham ta gama ta huɗu. Ɗan wasanta Keaton Jennings ya fi kowa gudu a rukunin, 1,548. A ranar ƙarshe ta je Southampton ta doke Hampshire, ta tura ta rukuni na biyu tare da Nottinghamshire. Kwana 10 bayan haka, ranar 3 ga Oktoba, hukuma ta sanar cewa ta ceto Durham daga bashi da tallafin fam miliyan 3.8, amma a bakin matsayinta: an mayar da ita rukuni na biyu, za ta fara kakar 2017 da bashin maki 48, an kuma ƙwace wa filinta damar karɓar manyan wasannin ƙasa da ƙasa na kwana biyar. Hampshire da aka kayar a fili ta koma kujerarta. Kent, wadda ta zo ta biyu a rukuni na biyu a bayan Essex, a shekarar da aka ce ɗaya kaɗai za ta hau don ana rage rukunin farko zuwa takwas, ta yi ta kuka ba wanda ya saurare ta.

Durham ce ƙaramar cikinsu, sai 1992 ta shigo gasar, amma ta ɗauki kofin a 2008 da 2009 da 2013, ta kuma ba Ingila Paul Collingwood da Steve Harmison da Ben Stokes da Mark Wood. Wani kaso na bashin ya samo asali ne daga gina filin ƙasa da ƙasa a Chester-le-Street da takarar karɓar baƙuncin wasanni masu tsada, hanyar da tsarin hukumar ne ya ɗora gundumomi a kai. 'Yan wasan da suka yi gumi wata shida ba su ci bashin kowa ba. Manyansu suka watse zuwa wasu ƙungiyoyi, sai da ta ci rukuni na biyu a 2023 sannan ta dawo.

Na gama karatu na dawo gida kafin kakar gaba ta yi nisa, sauran labarin a waya na bi shi. Middlesex ta faɗa rukuni na biyu a 2017 da tazarar maki ɗaya, bayan an yanke mata biyu saboda jinkirin jifa a wasan da aka dakatar a filin Oval don wani ya harbo kibiya cikin fili. Wasan da ya ƙarasa ta a Taunton aka yi shi, a kan busasshen fage, Somerset ta tsira da wannan makin. A 2019 Somerset ta sake zuwa ta biyu, a bayan Essex.

Sai kuma Azeem Rafiq, wanda na ga ƙwallonsa ta tashi sama a yammacin Juma'ar nan ban ɗauke shi komai ba sai na farkon mutum ukun da suka faɗi. An haife shi a Karachi, ya tashi a Barnsley. A 2020 ya fito ya ce ya sha wariyar launin fata a Yorkshire, a Nuwamban 2021 ya zauna gaban kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ba da bayani yana share hawaye, kuma shekarun da yake magana a kansu sun haɗa da kakar da nake zaune ina tafi. Shugabannin ƙungiyar suka sauka, masu tallafa mata da kuɗi suka janye. Daga baya Yorkshire ta amsa tuhume-tuhumen da aka yi mata, a watan Yulin 2023 kwamitin ladabtarwa ya ci ta tarar fam 400,000, aka jingine 300,000 daga ciki. Makin da aka yanke mata a gasar 48 ne, daidai da na Durham.